Safar Hannun Auta

Shekara talatin da huɗu Maijaka ya yi yana ɗaukar wa mutane jakar sanduna a filin golf, har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Mutum ne mai zafin rai da ƙarancin magana. Ban da ɗaure fuska, abin da aka san shi da shi shi ne karatun safar hannu. In 'yan wasa suka jefar da tsofaffin safofinsu a kwandon bayan ɗakin canja kaya, sai ya tsince, ya juya su a rana. Inda fatar ta cinye, nan laifin mai ita yake. Ya sha gaya wa alƙalai da likitoci abin da ke karkatar musu da ƙwallo tun bai ga bugunsu ba. Dokarsa guda ce: laifi ɗaya ake gyarawa, kuma uwar laifukan ake nema, ba 'ya'yanta ba.

'Yarsa ta ƙarshe, Auta, a filin ta girma. Shekararta ashirin da uku, tana aiki a kantin kulob, tana wasa ran Litinin da ake barin ma'aikata su buga. Sai kulob ya ce zai ɗauki mace ɗaya cikin ma'aikata ya sa a tawagar gasa, za a yi gwaji nan da kwana goma sha biyu. Mata biyar ke nema, gurbi ɗaya ne. Kowa ya ce na Auta ne. Ita kuwa, don ta ƙara gyarawa, ta lallaɓa wurin sabon Koci, mai horar da 'yan wasan kulob, ba da sanin ubanta ba. Koci ya ɗauke ta bidiyo, ya miƙo mata takarda mai laifi tara.

Ran Litinin Maijaka na wucewa da jakar wani ya hango ta a wurin atisaye. Ta tsaya a kan ƙwallo leɓenta na motsi kamar mai tilawa. Ta kai bugu, sanda ta tono ƙasa, ƙwallo ta gangara taku goma ta kwanta. Ta sake, haka. Ramukan filin goma sha takwas ya zaga da jakar yana haɗiyar wuta.

Da yamma ya tarar da ita a tsakar gida, uwarta na kan keken ɗinki.

"Wa ya karya miki hannu?"

"Ba kowa, Baba."

"To wa ya karya miki kai? Yau na ga abin da ko makaho ba zai buga ba."

Ta ɗauko takardar. Ya riƙe ta nesa da ido yana karantawa.

"Kai na ɗagowa. Kafaɗa na riga ƙugu. Gwiwar hannu na buɗewa. Tara! Ko motar da ta faɗa kwalbati ba a rubuta mata laifi tara!"

"Gaskiya ya faɗa, na gani da idona a bidiyo."

"Na ce ƙarya ya yi? Duk gaskiya ne, da ita ya kashe ki. Taura biyu ba ta taunuwa, shi ya cusa miki tara, ke kuma kika buɗe baki."

"Ai kai ba ka taɓa ce mini komai ba!" Muryarta ta tashi. "Shekara nawa ina bugu a gabanka? Na mutanen waje kake gani."

Uwar ba ta ɗago daga ɗinkin ba ta ce, "Faɗa masa dai. Likitan gari, gidansa na tari."

"Ke uwar Auta, ji da kekenki. Ke kuma kawo safarki."

Ta jefo masa. Ya juya ta. A gindin tafin hannu fatar ta huje, har yatsa na iya shiga. Ma'anarsa a tafi take damƙe sanda, maimakon ta kwantar da ita a yatsu. Ya kuma san inda ta samo. Tana shekara bakwai ya yanke mata wata karyayyar sandar maza, ta yi wa yatsunta nauyi, ta rungume ta a tafi kamar ƙotar gatari, shi kuwa yana tafa mata. Shekara goma sha shida yana tonon sharar mutane, bai taɓa juya safar da ke rataye a ƙusar ɗakinsa ba. Laifi tudu ne. A takardar Koci, riƙo shi ne na bakwai.

Ya zare almakashin matarsa, ya yanka takardar gida tara. Ya ba Auta ta bakwai, ya cusa takwas a aljihu.

Washegari ya tare Koci a bakin wurin atisaye.

"Me ya sa riƙo ya zama na bakwai?"

"Baba, tsari ne. Daga sama nake jerowa, kai, wuya, kafaɗa, har ƙafa."

"Daga sama! In harsashin gida ya zauna, daga kwano kake fara gyara? Injin bidiyonka yana gani, amma bai san wa ya haifi wa ba."

Kwanakin da suka rage, riƙo kawai suka yi. Ukun farko abin ya ƙara lalacewa. Yatsunta suka yi bororo, ƙwallo na tashi inda ta ga dama. Ta yi jifa da sanda ta ce ya ba ta takardunta.

"Ɗauko sandar nan kafin in saɓa miki. Ba ita ta yi laifi ba, ni na yi."

Ta tsaya tana kallonsa, don ba ta taɓa jin haka daga bakinsa ba. Ta je ta ɗauko.

A rana ta shida gwiwar hannun ta daina buɗewa, ba wanda ya ce mata uffan. Kafaɗar ma ta bi. Sauran laifukan suna nan daram, ya ce ta bar su su yi kwanansu.

Ran gwaji shi ya ɗauki jakarta. Wasan bai yi kyau ba, sau biyu ƙwallonta ta faɗa ramin yashi, amma ta ci da ratar bugu ɗaya tak. Manaja ya kira ta ɗakin shan shayi, aka ɗauki hoto, Koci na tsaye kusa da ita yana washe baki. Maijaka na waje, jaka a kafaɗa, yana goge laka daga kan sanda kamar zai cire mata fata.

Ta fito da gudu. "Baba, sun rubuta sunana!"

"Na ji tafi." Ya sa hannu a aljihu, ya zaɓo guntuwar takarda ɗaya ya miƙa mata. "Ƙafar hagu. Gobe ƙarfe bakwai. Ki zo da safarki in gani."