Soron da Na Gina wa Inna

A shekarun da aka fara maganar datse Kuwara a Kainji, ni magidanci ne da ƙarfina, ina da jiragen katako biyu da nake dakon albasa da busasshen kifi daga gungunmu, wato tsibirin da muke zaune a tsakiyar ruwa, zuwa kasuwar Yelwa. Ni ne ɗan fari, kuma tun rasuwar mahaifinmu gidan yake hannuna. A zaurena ake zaman sulhu, a zaurena baƙo yake sauka, kuma Inna tana ɗakinta a cikin gidana kamar yadda ya kamata. Na saba da girma har na ɗauka da shi aka haife ni. Ƙanena, autanmu, ba shi da komai sai hannuwansa. Mutum ne shiru-shiru, irin wanda in ya ga guntun kara a ƙasa zai ɗauka ya yi ta juya shi yana tunanin abin da za a yi da shi. Kallon marar zuciya nake yi masa, ban taɓa zaton akwai ranar da zan so wani abu nasa ba.

Da ruwa ya tashi zai ci gungun, aka kwashe mu zuwa tudu, aka ba kowa gidan da hukuma ta gina. Gidajen siminti ne a jere, rufinsu a lanƙwashe kamar bayan kunkuru, duk iri ɗaya. Mai jirgi biyu da wanda ba shi da ko filafilin tuƙa jirgi, ƙofarsu ɗaya, tagarsu ɗaya. Wannan kaɗai ya tsaya mini a rai. Sai kuma bazara ta shigo, muka gane abin da muka shiga. Da rana ɗakin kamar tanda, bango yana riƙe zafi har bayan isha'i. Babu inuwar bishiya ko ɗaya, don an share filin kafin a yi ginin. Inna ta rame, ta daina cin abinci sosai, kullum tana bakin ƙofa da mafici tana kallon wajen da gungunmu yake a da.

Ƙanena bai yi ƙorafi ba, aiki ya kama. Ya gano wata fadama can nesa mai jar ƙasa mai danƙo, ya riƙa ɗebo ta a ka shi da matarsa. Ya kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa, ya bar ta tana ruɓa yana zuba mata ruwa, ba ya gaggawa. Sannan ya tayar da zagayen ɗaki a bayan gidan simintin, irin namu na da, ya ɗora masa jinka, matarsa ta yi daɓe da makuba har yana ƙyalli. Bai tsaya nan ba. Ya shuka duma ya bar shi ya hau rufin gidan hukuma, ganyen ya rufe shi, zafi ya ragu. Ya haƙa 'yar hanya daga wurin wanka zuwa bayan gida, ruwan da kowa ke zubarwa ya zama na kuɓewa da yakuwa da albasa. Fasassun tukwane ya shuka barkono a ciki. Wani ruɓaɓɓen katakon jirgi da ni da kaina na yar, ya ɗauka ya kankare ya yi benci da shi a ƙarƙashin rumfar zana. Ko sisi bai kashe ba, amma duk wanda ya shiga gidan sai ya ce kamar ya koma gungu.

Mutane suka koma can da hira. Dattawan da suke cika zaurena a da, yanzu ta ƙofata suke wucewa, su ɗaga mini hannu, su je su zauna a kan katakon jirgina. Nakan ji dariyarsu daga inda nake zaune ni kaɗai, sai in ji kamar ni suke yi wa. In wani ya yabi lambun a gabana, sai in ce ai aikin marasa aikin yi ne. In matata ta dawo da yakuwa daga can, ba na cin miyar. Har addu'a na taɓa kama kaina ina yi cewa awaki su shiga lambun. Duk wannan da sauƙi, sai da Inna ta fara zuwa can wuni. Da farko takan dawo da la'asar. Rannan na shigo na ga babu tabarmarta, babu butarta. Matata ta ce mini Inna ta ce a gaya mini za ta ɗan kwana biyu a ɗakin jinka, don ƙirjinta ya fi sakewa a can.

Ku da kuka san halin iyayenmu, kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sake masa fuska. Haka na tashi, ban taɓa jin ciwon abin ba sai a lokacin. Nakan leƙa in gaishe ta in tarar tana dariya da auta, tana tsinke masa ganyen yakuwa, da na yi sallama sai ta ja mayafi ta amsa a taƙaice. Na san al'ada ce, amma zuciyata ta ce mini zaɓi ne. Sai wani abokin sana'ata ya ƙarasa ni a bakin ruwa, a gaban jama'a, ya ce ashe tsohuwarmu ta yi ƙaura ta biyu, ta bar gidan mai jirgi ta koma gidan mai duma. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma a ranar na rantse sai na gina mata abin da zai sa ɗakin jinkan nan ya zama kamar akurki.

Soro na ce zan yi, mai rufin ƙasa, irin na manyan gidajen Yelwa, kuma da hannuna, don kada a ce auta ya fi ni hannu. Ban je fadama ba, ƙasar bayan gidana na haƙa. Ban jira ta ruɓa ba, don damina ta matso kuma ina so a gani. Ban samu azarar giginya ba, sai na saro ɗanyun itatuwa na jera. Ina cikin ɗora bango ƙanena ya zo, ya ɗebi ƙasar ya murza a hannu, ya ce, "Yaya, ƙasar wurin ga rairayi ta yi mata yawa, ba ta ɗaukar soro. Ka bari bayan damina mu yi shi tare." Na ce masa tun yana goye nake shiga soro, ya je ya ji da dumansa. Ya karkaɗe hannunsa ya tafi.

Da na gama na shafe shi da farar ƙasa, ya yi kyau ƙwarai, har masu wucewa suna tsayawa. Na je na sami Inna na ce ta kunyata ni a gari, ga ɗaki na yi mata, in har ni ɗanta ne ta dawo. Ta taso ta zo, ta shiga, ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta dafa bangon da tafin hannunta ta ɗan jima. Sannan ta ce a kawo mata tabarmarta. Ranar na yi barci da daɗi, ba don Inna ta samu sanyi ba, sai don na san auta zai kwana da ɗaki babu kowa.

Ruwan farko da aka yi mai ƙarfi, matata ta kira ni ta nuna mini tsaga a kusurwar gabas, daga sama har kusan tsakiya. Na kwaɓa ƙasa na liƙe, na sake shafa farar ƙasa, na gargaɗe ta kada ta gaya wa kowa. Ƙanena ya lura da sabon yaɓen. Ya roƙe ni in bari ya kafa ginshiƙi ɗaya a tsakiyar ɗakin ya tallafi rufin, ya ce ba sai kowa ya san shi ya kafa ba. Na ƙi, don na san duk wanda ya shiga ya ga ginshiƙin zai gane ginina bai tsaya da ƙafarsa ba. Wallahi na san akwai haɗari. Na auna haɗarin da kunyata, na ga kunyar ta fi nauyi.

A tsakiyar marka na kai kaya garin Wara. Da na dawo da rana, tun daga bakin ruwa na hango jama'a a ƙofar gidana. Bangon gabas ya jiƙe ya zauna, rufin ya biyo shi. Inna tana kwance a ciki, ƙasa da itace suka danne ta daga ƙugu zuwa ƙasa. Ƙanena da maƙwabta ne suka tone ta da hannu, har faratansa suka fita. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ƙashin ƙugunta ya karye. Maɗori ya yi iya yinsa, sai dai Inna ba ta ƙara tsayawa da ƙafarta ba har ta koma ga Mahaliccinta bayan wasu shekaru. Mutanen gari suka ce ƙaddara ce, ƙasar tudun nan ce ba ta da kyau. Matata da ƙanena ne kaɗai suka san labarin tsagar, kuma babu wanda ya taɓa buɗe baki a cikinsu.

An mayar da ita ɗakin jinka. Na yi kwanaki ina zuwa ƙofa ina juyawa. Ita ce ta aika a kira ni, ta sallami kowa. Na durƙusa na fara neman gafara, ta tsayar da ni. Ta ce ita ma ta taya mahaifinmu gini a ƙuruciyarta, tun ranar da ta dafa bangon nan ta san ba zai kai kaka ba. Na tambaye ta to me ya sa ta shiga. Ta kawar da kai kamar yadda ta saba, ta ce, "In na ƙi shiga, ina za ka sa kanka a garin ga?"

Yau na tsufa, na fi shekarun da Inna take da su a lokacin, kuma har yanzu wannan tambayar ba ta bar ni ba. Ina ta kishin an fi son auta, ashe matar da nake zargi ta yarda ta kwanta ƙarƙashin rufin da ta san zai faɗo don kada a yi mini dariya. Ƙanena bai ƙwace mini komai ba, gidansa kawai ya gyara da abin da Allah ya hore masa, ni kuma na mayar da gyaransa zagi a kaina. Shi ya sa nake roƙon masu karatu, duk wanda zai yi gini ko wani gyara a gidansa, ya tambayi zuciyarsa tukuna, don mutanen gidan yake yi ko don idon wani. In na ƙasa da kai ya ce maka aikinka da gyara, ka saurare shi, ba ya rage ka da komai. Kunyar da nake gudu ta kwana biyu ce, da tuni an manta da ita. Amma Inna shekaru ta yi ana ɗaukarta a hannu zuwa bakin ƙofa, kuma duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce masa ɗanta ya yi mata ɗaki mai kyau, ruwa ne ya yi yawa.