Suɗin da Na Ci a Hanya

Ranar wata Alhamis ce a watan Rajab, ana tsakiyar zafin bazara, ina da shekara takwas ko tara, tun Turawa ba su iso ƙasarmu ba. Ni da kakata muna dawowa daga daji da la'asar, ita da damin ɗorawa a ka, ni da ɗan ƙunshin kirare, muka biyo ta zangon fatake da ke bayan ganuwar Birnin Gwari. Jakuna sun cika wurin, an sauke gishiri da kanwa an jibge. Sai na ga ta tsaya cak, ta sauke kayanta da kanta ba ta ko kira ni in kama mata ba, ta ce, "Maigida, ka ji abin da nake ji? Alkama ce a wuta." Muka bi ƙamshin har gindin wata tsamiya, inda wata mata mai suna Asabe, matar wani bafatake daga Kano, ta kafa tanderu, wata babbar tukunya da garwashi a cikinta, tana manna ƙullu a jikinta tana ɓamɓarowa idan ya gasu. Ranar na fara ganin gurasa. Da Asabe ta ji Kananci a bakin tsohuwar, sai ta naɗe guda biyu a ganye ta miƙa mata kyauta. Iya, kamar yadda nake kiran kakata, ta ɗaure su a bakin mayafi, har muka isa gida hannunta na kan ƙullin.

Iya Bakanuwa ce. Kakana ya zo da ita cikin ayari tana yarinya, suka zauna a nan, ba ta sake ganin garinsu ba. Ɗanta guda ɗaya, mahaifina, ya bi fatake zuwa Gwanja neman goro tun ban fara tafiya ba, shiru har yau. Mahaifiyata kuma ciwon agana ya ɗauke ta. Gidan ya rage mu biyu, ɗakuna huɗu, uku a rufe, ɗaya daga cikin ukun ma jinkarsa ta rufta ciyawa ta fito a ciki. Muna da rumbu ɗaya, da akuya ɗaya, da 'yar gona a bakin daji. Da safe in je makarantar allo, in dawo in ɗebo ruwa, in tsince mata kalwa, don daddawa ce sana'arta. Idan dawa ta fara nuna kuwa, yini nake a kan rumfar gona ina korar birai, ba kowa sai ni da majajjawa da kukan tsuntsaye. Matan Gwari su wuce da itace a kafaɗa su gaishe ni da harshensu, in bi su da ido har daji ya rufe su. Yaran unguwa suna langa da kokawa a dandali, nakan shiga, amma da zarar an kira su cin tuwo sai su watse, kowa ya tarar da 'yan'uwansa zagaye da akushi. Ni kuwa in koma in zauna a bakin ƙofar Iya ina jiran suɗi, wato ragowar da babba yake bar wa yaro a kwano.

Wasan kaka da jika shi ne hirarmu. Ita ta mai da ni mijinta, kullum tana ƙorafi. "Maigida, yau ma ba cefane? Wane irin miji Allah ya haɗa ni da shi?" Ni kuma in turo baki in ce, "Na sake ki, tsohuwa, kin cika ci." Ta yi dariya har ta share ido da gefen zane.

Ban lura ba a lokacin cewa wadda nake ce wa ta cika ci kullum rage cin take yi. Maƙwabcinmu maharbi ya aiko da cinyar gada, ta ce ta daina nama, haƙora ba su ɗauka. Wata ƙawarta Bagwariya ta kawo zuma a ɗan ƙoƙo, ta lasa sau ɗaya ta ce ta daina zaƙi, yana sa mata jiri. Nonon da Bafillatana ke zuba mata ranar kasuwa ma ta ce yana kumbura mata ciki. Ɗaya bayan ɗaya abubuwan daɗi suka fita daga kwanonta suka faɗa nawa, ni kuwa na ɗauka haka tsufa yake, mutum ya wayi gari ba ya son abin da kowa ke so. Gurasa ce kaɗai ba ta taɓa cewa ta daina ba. Duk ranin da ayarin su Asabe ya sauka, sai ta aike ni da curin daddawa in karɓo. Ta yayyafa mata ruwa ta yi laushi, ta barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, ta ɗiga man gyaɗa, ta ci a hankali tana ba ni labarin unguwarsu da rijiyar ƙofar gidansu da 'yar'uwarta da ba ta san ko tana raye ba. Duk da haka sai ta bar mini kusan rabi.

A rani na uku ciwo ya kwantar da ita. Ƙafafunta suka kumbura, tuwo ya ƙi shiga, kunu ma sai ta kurɓa sau biyu ta ture. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ana ta cewa fatake suna ɗaure kaya. Wata rana da hantsi ta kira ni, ta nuna mini tukunyar daddawa ta ce, "Maigida, yau kam ka yi mini cefane na gaske. Ka ce wa Asabe ta gasa mini mai taushi. Raina ita yake so."

Na je. Asabe ta tambayi jikin tsohuwar, ta zaɓi gurasa babba guda ɗaya, don alkamarta ta ƙare, ƙullun ƙarshe ke nan. Ta gyara ta da kanta, da mai da ƙuli, ta naɗe a ganye ta ce in yi sauri tun da ɗuminta. Na kamo hanya ɗumin yana ratsa tafin hannuna. Tun safe ban ci komai ba, don tun da Iya ta kwanta ba a dafa abin kirki a gidan. Da na zo gindin wata kuka kusa da ƙofar gari sai na tsaya na buɗe ganyen, wai in duba kawai. Nan zuciya ta kawo mini wata dabara da har yau nake jin kunyarta. Na ce ai ko na kai mata rabi za ta ci, rabi suɗina ne, to mene ne laifi idan na ci suɗina tun yanzu? Na raba biyu na cinye nawa. Sai na ga ragowar ta yi gefe a karkace, za ta gane an taɓa, na gutsura don in daidaita. Na sake daidaitawa. Abin da ya rage bai kai tafin hannun jariri ba, kai mata shi ya fi rashin kaiwa tona asiri. Na jefa shi a baki, na goge hannu da ƙasa.

Na tarar ta lallaɓa ta tashi zaune, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba, ta jingina da bango, ta ajiye ƙoƙon ruwa kusa da ita. Na tsaya daga bakin ƙofa na ce Asabe ta kashe tanderu, alkama ta ƙare. Ta ce in matso. Ta dube ni, ta sa yatsa ta kakkaɓe garin ƙuli daga ƙirjina, ta shafa kaina da hannun nan. "To, madalla," in ji ta. "Dama ita ma na daina ta." Ta koma ta kwanta ta juya fuska bango.

Na san yadda take son gurasar nan, na ga yadda ta tashi zaune dominta. Saboda haka a tsaye a wurin na gane abin da kalmar "na daina" take nufi a bakinta, na tuna nama da zuma da nono.

Washegari da sassafe na kwashi sauran daddawar na ruga zango. Ba kowa, sai toka da kashin jakuna da ramin da tanderu ya zauna. Na bi sawun ayarin har bakin rafi, na ga daji ya yi duhu a gabana, tsoron mahara ya kama ni, na juyo ina kuka ni kaɗai.

Ta ƙara kwana ashirin da wani abu. Sau biyu na durƙusa a gabanta zan faɗa mata gaskiya, sau biyun tana tare ni da wasa. "Wannan durƙuso fa, Maigida? Wani sakin ne kuma? Bari in warke tukuna." Ba ta bar ni na kai ƙarshen magana ba. Ta rasu ranar da aka yi ruwan shuka, mutane suka yi mata sutura da hanzari suka wuce gona. Maharbin nan ya ɗauke ni ya haɗa da 'ya'yansa, Allah ya saka masa.

Na yi shekaru ba na iya kallon gurasa. Ba zan yi ƙarya in ce na bar ta har abada ba, don da na girma na shiga fatauci na ci ta a Kano, ta kuma yi mini daɗi, na ji haushin kaina da ta yi. Na yi tambayar unguwar su Iya, aka nuna mini, ban sami wanda ya tuna da ita ba.

Yanzu mota ke zuwa daga Kaduna da burodi, rani da damina, ba mai jiran ayari. Mutane suna ta komawa bakin hanyar mota, unguwarmu ta dā ta zama kufai, ko kabarinta ba zan iya nunawa daidai ba. Ina da gida cike da jikoki, ina da halin in sayi abin da tsohuwa ɗari za su ci su ƙoshi, amma na kan zauna a tsakiyarsu in ji kamar ina kan rumfar gona. Na yi mata sadaka ba adadi, na roƙi Allah gafara, ina kuma sa ran ya karɓa. Ita ce dai ban samu na roƙa ba, don ta yafe mini tun kafin in buɗe baki, roƙon ya rasa inda zai sauka.