Lambun da Ake Yi wa Aski

Ƙanena mai aski ne, kuma duk unguwa ba mai kiransa da sunansa sai Saiti. Daga bakinsa sunan ya fito, don ba ya iya kallon abu ya wuce bai ce "wannan ba saiti" ba. Tun yana ƙarami haka yake. Shi ya rage wa kyanwar gidanmu gashin baki, wai ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Shi ya yi ta daidaita gezar labulen mahaifiyarmu har labulen ya koma bai rufe rabin taga ba. Ya sha duka a kan wannan, amma hali zanen dutse ne. Da ya tasa sai mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ce tunda abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, gara a kai shi inda za a riƙa biyansa.

Shagonsa ɗan ƙarami ne: kujera ɗaya mai juyawa, madubin da ya tsage ta kusurwa, benci na masu jiran layi, sai injinan aski a rataye bisa ƙusoshi, kowanne da tasa ƙusar. Aikinsa ba a magana. Aibinsa ɗaya, ba ya sanin ya gama. Zai cire maka ƙyalle, ya kaɗe maka wuya da buroshi, ya shafa hoda, ka kai bakin ƙofa, sai ka ji ya ce dawo, akwai sili ɗaya. Mutum ɗaya ne ya taɓa taka masa burki, wato mahaifinmu. Yana da wani ɗan farin gashi a gaban goshi ta hagu, da shi aka haife shi, ba furfura ba ce. Duk lokacin da ya zauna a kujerar sai ya ɗora yatsa a wurin ya ce a zagaye masa wannan, shi uwarmu ta gani ta aure shi. Haka Saiti zai zagaye yana cizon leɓe.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne mutumin nan yana mutuwar son furanni. Ni na sani, don gidansa jikin nawa yake, kuma katangar da ta raba mu gajeriya ce, in na taka bulo ina ganin tsakar gidansa tas. Gwangwanayen fenti, tsofaffin tayoyi, bokitin da ya fashe, har tukunyar matarsa da ta huje, duk ya cika su da ƙasa da taki ya jera daga bakin famfo zuwa ƙofar ɗaki. Duk inda ya ga fure mai kyau sai ya roƙi reshe. Yana ba su ruwa safe da yamma, yana yi musu hira, in rana ta take ya kafa musu inuwa da tsohon zanen gado. Sannan kullum kafin ya tafi shago sai ya zaro almakashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wai gyaran fuska. Duk tohon da ya kuskura ya ɗaga kai sama da 'yan'uwansa ya gama yawo.

Shekara da shekaru ana haka. Lambu ya yi kore shar, kowace shuka ta yi mulmul kamar kan ɗan makaranta ranar komawa daga hutu, amma ko fure ɗaya bai taɓa leƙowa ba. Ya zargi ƙasa, ya sauya ƙasa. Ya zargi ruwan famfo, ya koma tarar ruwan sama. Ya zargi mai sayar masa da taki har suka daina gaisawa. Kuma abin yana cin ransa da gaske. Na sha ganinsa tsaye a ƙofar gidan mutane yana kallon furanninsu, sai ya ba ni tausayi duk da haushinsa da nake ji.

Haushin kuwa yana da dalili. Akwai reshe ɗaya na wata shukarsa da ya bi ta ramin fitar ruwa a gindin katanga ya ɓullo ta gidana. Ban taɓa ba shi ko ruwan wanke-wanke ba, amma ya haye igiyar shanyata ya barbaje, yana zubar da jajayen furanni har sai na sa tsintsiya. Na ce wa Saiti hannunsa ne matsalar. Ya ce a'a, ranar ɓangarena ce ta fi kyau. Sannan ya leƙo ya ƙare wa reshen kallo, ya ce ba saiti, in bar shi ya shigo ya ɗan taɓa. Na ce ya shigo, amma ya fara yin bankwana da ƙafarsa ɗaya, don sai na karya ta.

'Ya'yansa uku. Babban namiji ne, shekararsa takwas, ana ce masa Ƙwalƙwal, don tun da aka haife shi gashinsa bai taɓa wuce mako guda a kansa ba. Duk ƙarshen mako uban zai zaunar da shi a kan kifaffen bokiti ya kwashe tas. Mai bi masa mace ce, Lauya, 'yar shekara shida, wadda in ka ce ta sha ruwa sai ta nemi dalili. Kanta ya tsira ne saboda uwarsu tela ce, kuma tun farko ta shaida wa mijin cewa ita ma tana da almakashi, kuma nata ya fi nasa girma. Sai Auta mai shekara biyu, wanda aikinsa a lambu shi ne ɗanɗana ƙasar kowane gwangwani.

Rigimar ta fara ne da malamar su Lauya ta raba wa 'yan aji dashe, kowa da nasa a gwangwanin madara. Ta ce su kula da shi a gida, ranar da za a ba da hutu kowa ya zo da nasa a jera a taga a ga furensa. Lauya ta miƙe a gaban aji ta sanar cewa nata zai fi na kowa, don babanta yana da lambu. Saiti ya karɓi gwangwanin da hannu biyu, ya ba shi wuri a sahun gaba, ya soma yi masa gyaran fuska kamar sabon abokin ciniki. Zango ya yi rabi, 'yan aji suka fara zuwa da labarin nasu ya yi fure. Na Lauya kuwa ya zama ɗan ƙwallo kore mai kyan gani.

Ran nan ta shigo gidana ido ja, ta tsaya ƙarƙashin igiyar shanya ta daɗe tana kallon sama. Can ta tsuguna ta bi reshen da ido har ramin katanga.

"Gwaggo, wannan ba na Babanmu ba ne?"

"Nasa ne."

"To me ya sa a nan yake fure?"

"Don hannun babanki ba ya kawowa nan."

Na ce ta kawo gwangwanin nata in ajiye mata, a huta. Ta girgiza kai. "A gidanmu zai yi. Na riga na faɗa wa 'yan ajinmu Babana ya fi kowa iya shuka."

A wajen cin abinci a gidansu ta shigar da ƙara a kan askin da uban yake yi wa lambu. Saiti ya yi dariya, ya kawo hujjar sana'a, wai ko gashi in ba a rage shi ba ba ya ƙarfi, shi da yake kwana yana tashi da wannan aiki za a koya wa? Matarsa ta ce abu mai sauƙi ne, a gwada zuwa ranar hutu: kada ƙarfe ya taɓa komai a lambun. Ya amsa da sauri, yana ganin zai kunyata mu ne. Sai da aka fara ya gane wanzami ba ya son jarfa.

Aka hana kayan shago kwana a gida. Matarsa ta kulle almakashinta a aljihun keken ɗinki ta rataya mukulli a wuya. Ba a jima ba aka kama shi da abin yanke farce. Aka karɓe. Aka kama shi da rezar fiƙe fensir ɗin yara. Aka karɓe. Daga nan ya koma tsunke toho da farcensa yana yin kamar yana duba tsutsa, sai Lauya ta kafa dokar cewa in zai ba da ruwa hannu biyu zai riƙe bokiti. Ƙwalƙwal aka ba gadi. Auta kuma ya koyi kalma guda, "bari", yana kwatsa wa uban da zarar ya doshi gwangwanayen, daga baya ya riƙa kwatsa wa baƙi da mai kawo ruwa da kazar maƙwabta.

Wanda ya fi kowa cin ribar dokar shi ne Ƙwalƙwal, don injin aski ba ya zuwa gida. In uban ya ce ya biyo shi shago sai ya ce yana bakin aiki. Ya samo hular sanyi ya ƙwama a kai, yana gumi yana haƙuri, don kada idon uban ya faɗa kan abin da ke tsirowa a ƙasa.

Lambu ya rikice, kowace shuka ta miƙa hannu inda ta ga dama. Saiti ya rame. Ya riƙa wucewa ta tsakar gidansa yana kallon sama. Shukar Lauya ta fitar da wani reshe siriri, dogo, karkatacce, ya tare hanyar fita, kullum sai ya shafi hannun uban in zai wuce. A kan reshen ga ɗan ƙulli ɗaya, kore, kamar ƙwayar wake. Hutu ya matso, ƙullin yana kumbura amma ya ƙi buɗewa. Aski dai in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Wata safiya ina shanya na ji gidan nasu tsit. Na taka bulo. Ga Saiti shi kaɗai tsugune gaban gwangwanin, ya zaro wani ɗan almakashin gyaran gashin baki daga cikin safarsa. Ba ƙullin yake kallo ba, karkatar reshen yake kallo, yana auna inda zai datse abin ya daidaita. Na buɗe baki zan yi magana sai ga Lauya ta fito da kayan makaranta. Ba ta yi ihu ba, ba ta kira uwarta ba. Ta zo ta tsaya tsakaninsa da shukar, ta juya masa baya, ta kamo jelar kitsonta ɗaya ta miƙa masa.

"Baba, in hannunka ne yake ƙaiƙayi, yanke wannan. Zai sake fitowa."

Saiti ya dubi jelar kitson. Sannan ya juyo da ita, ya buɗe tafin hannunta ya sa mata almakashin, ya lalubi ɗaya safar ya zaro wani ya ƙara mata. Ni da na hau bulo don in yi masifa sai ga ni ina share ido da rigar da nake shanyawa.

Ana gobe hutu ƙullin ya buɗe. Fure ɗaya ne tak, rawaya, bai kai tafin hannun Auta ba, kuma saboda Autan ne aka ɗora gwangwanin a kan durom. Saiti ya zagaya shi ya fi a ƙirga. Washegari bai buɗe shago ba, shi ya rungumi gwangwanin har aji, karkataccen reshen yana tsokane masa ido. Na wasu yaran ya fi yawan furanni, amma Lauya ko a jikinta, tana ta nuna wa kowa babanta. Ta ce min ya tsaya bakin tagar yana kallon sauran shukokin, hannuwansa biyu cikin aljihu, yana motsa baki.

Da ƙarshen mako ya zo doka ta ƙare, injin aski ya dawo gida. Ƙwalƙwal ya zauna kan bokiti kamar wanda za a yi wa allura, aka ɗaura masa ƙyalle, ya cire hula. Na ji ƙugin injin ya tashi, amma ban ji ya kama gashi ba. Can sai muryar ƙanena, ƙasa-ƙasa.

"Yaya, taka bulonki ki gani."

Gashin yaron ya taru baƙi wuluk, a cike. A gaban goshi ta hagu kuwa ga ɗan farin gashi, daidai inda mahaifinmu yake ɗora yatsa. Cikinmu ba wanda ya gado shi, har mun cire rai za mu sake ganinsa.

"Shekara takwas ina kwashe shi," in ji Saiti, "ina cewa hoda ce."

Ya kashe injin. Ya ɗauko mataji ya taje kan a hankali, ya kwance ƙyallen, ya kaɗe wuyan da ko sili ɗaya bai faɗa kai ba. Yaron ya ƙi tashi, don ya san halin ubansa, ya san ko ya kai ƙofa za a ce ya dawo.

"Baba, an gama?"

"An gama," in ji Saiti.