Dattijon da Ba Ya Cin Tarwaɗa

Motarmu ta lalace a Gonin Gora, yunwa ta kora mu rumfar Maman Shekari. Wani dattijon Ibo mai farar riga har ƙasa ya kasa zama. Yana kaiwa yana komowa, yana leƙa tukunya. Farfesun tarwaɗa kaɗai ya rage.

"Baba, in zuba maka?"

"A'a, 'yata. Addinina ya hana cin kifi marar ɓawo."

Ina jin tun asuba yake kan hanya, yana wuce abincin mutane. Ba ta ja zancen ba, ta wanke wata tukunya daban ta dafa masa doya.

Ga shi yana ci a tsaye, idonsa a titi.

"Zauna mana, Baba," in ji ta. "Wanda ya hana ka kifi bai hana ka benci ba."