Kati ne, ba karta ba

Wanki da guga nake yi a Gyaɗi-Gyaɗi. Cikin masu ba ni kaya akwai wani tsohon ticha, Kirista ɗan Kudancin Kaduna, da ke haya a Tarauni. Ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya fita. 'Yarsa ta aiko masa da wani wasan yaƙi a kwali, na mutum biyu, ga shi matarsa ba ta gani sosai. Da na kai guga wata Asabar sai ya ce, "Malam, zauna in ci ka da yaƙi."

Hoton filin yaƙi ake shimfiɗawa a tebur, kowa da 'yan sojojinsa da tulin katinsa. Katin da ka zara shi zai ce wane soja zai motsa. Kana ƙara wa tulinka kati, in an harbi sojanka a cire ɗaya. Harbin kuwa da ɗan ludo ake yi. Turancina na firamare ne, shi yake karanta min har katin hannuna.

"Baba, ai kana ganin sirrina."

"Janar, ko ban gani ba, kai tsoro zai kashe ka. Ka fito da mutanenka daga bayan bishiya mana!"

Wata takwas muna haka. Matarsa ta ce ranar Asabar kaɗai yake yarda a yi masa aski.

Sai wani a majalisarmu ya ce, "Ashe karta kake zuwa yi Tarauni?" Na ce kati ne, ba karta ba. Aka yi dariya. Ko sisi ba mu taɓa sawa ba, amma maganar ta hana ni sakat. Na kwana uku ina juya ta, sannan na tari limaminmu bayan La'asar. Kunya ta hana ni bayani. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Malam, karta in ba kuɗi fa?" Ya ce barinta ya fi. Abin da na tambaya ya amsa.

Daga nan a bakin ƙofa nake miƙa wa matarsa kaya. Ina jin sa daga ciki: "Janar ne? Ya shigo mana." Sai in ce sauri nake. Asabar biyar ya kira, ta shida bai kira ba.

Da damina 'ya'yansa suka mayar da shi gida. Ban je sallama ba, don ban san me zan ce ba. Na sha niyyar komawa wurin liman in faɗa masa yadda abin yake. Ina tsoron ya ce ba laifi.