Nonon Sabon Zama

Kaura Namoda, Talata

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida. Yayata Hajo ta aiko cewa a sabon zaman da suka yi bayan Galadi, tun da 'yan bindiga suka tashe su, mutane na ta amai da makyarkyata. Direba ya cusa mu mu takwas a motar mutum biyar, kowa dubu huɗu.

"Malam, matsa, akwai wuri," in ji shi. Wurin kuwa cinyata ce.

Shinge shida muka wuce kafin Shinkafi. Masu tsaron sun binciki hannun direba da kyau, but ɗin mota kuwa ko kallo.

Bayan Galadi

Na hau babur, na isa sha ɗaya da kwata. Hajo ta tarbe ni da fura da nono, na shanye tas, sannan na tambayi ciwon.

"Ai an gano," in ji mijinta. "Inna Dije ta. Mayya ta. Gobe za a kore ta."

Binciken ya burge ni. An duba garin kaf, sai aka dace mayyar ita ce tsohuwar da ba ta da ɗa ko ɗan'uwa.

Inna Dije da kanta ta ja ni bayan gari, inda shanu ke tsaye suna layi kamar mashaya.

"Ɗana, dubi abin da suka ci. Zaƙami na. Daji ya gagara, ciyawa ta ƙare, mi za su ci? Na hwaɗi a bar nonon, anka ce don ban da saniya."

"Inna, har nonon yau?"

"Ka sha?"

Kafin la'asar ina kwance, maƙogwaro a bushe, ina gaida turmi a zaton mutum ne. Baƙon birni ya tabbatar da abin da tsohuwa ta yi wata tana faɗi. Washegari aka sare zaƙamin, aka zubar da nono. Haƙurin da aka ba Inna Dije shi ne: "Ai mun san ba ke ba ce."

Komawa

Na iso Kaura ranar Alhamis ƙarfe huɗu, da ƙafafuna, alhamdu lillahi. Godiya ga Inna Dije, wadda ta yi jinyata kwana biyu, masu shirin korarta na leƙowa suna tambayarta magani.