Ranar da Na Riƙe wa Goɗiyata Tsoro

Wannan abu wallahi a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji shi ba, kuma da hantsi ya faru, rana tana dukan ƙeyata, don kada wani ya ce magagin barci ne. Lokacin Nasara bai shigo ƙasar Tasawa ba tukuna, gemuna kuma da sauran baƙinsa. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Hawandawaki, aikina yawo gari-gari: inda aka yi rasuwa in raba gado, inda aka yi haihuwa in raɗa suna, inda ake gardamar iyakar gona in zauna in saurari ƙarya daga ɓangare biyu. Duk wannan yawo a kan goɗiya ɗaya nake yinsa, ja mai farin goshi, wadda mahaifina ya bar mini, shi ya sa a gida ake ce mata Ƴar Baba. Ba ni da wani abin hawa sai ita, kuma cikin dabbobin da hannun tsohon ya shafa ita kaɗai ta rage.

A wata bazara ta fara ramewa. In an zuba mata gero sai ta karkace kai ta tauna ta gefe ɗaya ta zubar da rabi, harawa kuwa ta dunƙule ta a baki ta tofar da jini-jini. Wani makiyayi ya leƙa bakinta ya ce haƙoran ciki ne suka yi tsini suna yankar kumatu da harshe, in ba a goge su da magagari ba yunwa za ta kashe ta kafin damina, ga abinci a gabanta. A yankin nan mutum ɗaya ya iya wannan aiki, wani maƙeri mai suna Nomau, a wani gari kan hanyar Mayahi.

Ku sani Ƴar Baba dabba ce da yara ke bi ta ƙarƙashin cikinta ba ta ko ɗaga ƙafa. Amma muna doso maƙerar Nomau sai ta kafe, kunnuwa a miƙe, jiki na ɓari, gumi na tsiyaya. Ƙarti suka sa mata dabaibayi suka taru a kanta, ta tsinke shi, ta kwantar da dangar mutane, ta yanke a gwiwa. Kowa ya ce tsoron ƙarfe ne. Aka jiƙa zaƙami a dusa aka ba ta, ta yi ta tangaɗi kamar mashayi, amma da Nomau ya matso sai ta wartsake. Ni ma na yi mata rubutu na wanke, ta shanye tas, ba ta sake ra'ayi ba. Daga baya na roƙi Nomau ya zo gidana, ko maƙerar ce ba ta so. Yana sa ƙafa a zaure, magagarin ma yana cikin burgami ba ta gan shi ba, ta tumɓuke turke. Ya kamata in yi tunani a kan wannan, amma hankalina yana kan haƙarƙarinta da ake iya ƙirgawa daga nesa.

A kasuwar Mayahi wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono, Inna Dudu, ta ji ina ba da labarin. Ta jawo ni gefe ta ce akwai wata saiwa da mutanensu ke turara wa dabbar da ta ƙi a taɓa ta. Ta faɗi sunanta da Fulatanci, ban riƙe ba. Ta ce a zuba a garwashi tare da gashin gezar goɗiyar da silin gemun wanda zai riƙe ragama, su biyu su shaƙi hayaƙin. Na tambaye ta ko maganin barci ne.

"Ba barci ba ne, Malam," in ji ta. "Tsoron yana nan, wani ne zai riƙe mata shi har a gama. In ka kama ragamar kada ka saki sai ita da kanta ta girgiza kai. In ka saki da ƙarfe a bakinta, zai komo mata gaba ɗaya, ko ta kashe maƙerin ko ta karya wuyanta."

Na tambaye ta me mai riƙon yake ji. Ta ce ita ba ta taɓa riƙewa ba, maza ke riƙewa, kuma ba su cika son zancen ba. Na auna abin a raina, na ga babu yanka, babu kiran sunan kowa, saiwa ce da gashi. Malami kuwa in yana son abu ba ya rasa babin da zai shige. Na karɓa.

Muka yi shiri a ƙarƙashin wani gawo nesa kaɗan da maƙerar, Nomau ya laɓe bayan danga har hayaƙi ya kama. Na yi bisimilla, na riƙe ragama, na sunkuya da kaina kusa da nata a kan kasko. Warin kamar na jiƙaƙƙiyar ƙasa ne da ɗan ɗaci. Ba a jima ba na ji jikinta ya saki, leɓenta ya sauko, ido ya lumshe. Ni kuwa sai zuciyata ta hau bugu, gumi ya jiƙe rigata, ba tare da na san dalili ba. Sai na lura ina ganin abin da ke gefena da wanda ke bayana ban waiwaya ba, kuma ina jin ƙarar kowane ƙuda daban.

Nomau ya fito daga bayan danga da magagari a hannu. Ba shi kaɗai ya fito ba.

Bayansa, dab da kafaɗarsa, akwai wani dogon tsoho siriri, da walkin fata irin na maƙera, jikinsa fari fat da toka. Yana tafiya a kan rairayi amma sawun Nomau kaɗai nake gani. Mutanen da suka taru kallo ba wanda ya matsa masa, ba wanda ya dube shi. Nomau ya sa itace tsakanin muƙamuƙan goɗiyar ya zura magagari, sai tsohon ya miƙa hannu ya kama tsintsiyar hannunsa, yana tura ta yana jawowa, kamar yadda ake kama hannun yaro a kan allo. Nan na gane Ƴar Baba ba ƙarfe take gudu ba.

Kowane ja na magagarin a nawa muƙamuƙin nake jin shi, har tsakiyar kai, bakina ya cika da ɗanɗanon jini. Ita kuwa tana tsaye kamar ana yi mata susa. Na so in karanta abin da na haddace tun ƙuruciya, harshena ya yi nauyi, ko farkon aya ban iya kamawa ba. Ina cikin haka tsohon ya ɗago kai, idonsa ya faɗa cikin nawa. Ya tsaya. Na ga alamar mamaki a fuskarsa, irin na wanda ya saba dabbobi kaɗai ke kallonsa.

Ya saki hannun Nomau ya zagayo inda nake. Jama'a, duk jikina cewa yake in saki ragama in ruga, ƙafafuna har sun fara tono ƙasa. Abin da ya riƙe ni shi ne ina ganin magagarin can cikin bakinta, ga kuma ƙirjin Nomau daidai saitin kofatonta. Na naɗe igiyar a hannu har ta yanke ni. Tsohon ya tsaya gabana, ya sa babban yatsa, mai sanyi kamar ƙarfen da ya kwana a waje, ya ɗaga leɓena ya buɗe bakina ya leƙa, sak yadda mai sayen doki ke duba shekaru. Ya daɗe yana kallo. Sai ya zura yatsa can ciki ta hagu ya shafa sau ɗaya, ya gyaɗa kai, ya koma ya kama hannun Nomau suka ƙarasa aikinsu.

Da Nomau ya zare itacen ya ja baya, Ƴar Baba ta yi atishawa ta girgiza kai. Nan take ganina ya dawo irin na mutane, ban ƙara ganin tsohon ba, sai Nomau yana share magagari a walkinsa. Na zube a gindin gawon. Mutane suka yi ta yaba mini jarumtaka, wani har yana tsokanata wai doki ake yi wa aiki Malam ke zufa.

Da suka watse na kira Nomau gefe na kwatanta masa abin da na gani. Bai yi mamaki ba, bai kuma yi murna ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama, sannan ya ce shi bai taɓa ganin kowa ba, amma ubansa ya gaya masa, shi ma nasa uban ya gaya masa, cewa a gidansu ba a goge haƙorin doki da hannu ɗaya.

"Ya taɓa ka?" in ji shi.

Na ce ya taɓa ni. Ya ce to in yi sadaka, kuma kada in sake riƙe wa wata dabba.

Da yamma Ƴar Baba ta cinye geronta har tana lasar akushi. Ta yi ƙiba kafin ruwa ya sauka, ta yi shekaru tana kai ni rabon gado, ta bar mini duƙushi kafin ta mutu. Amma ga abin da ya hana ni cewa hayaƙi ne kawai ya juya mini kai. Ina da wani turmin haƙori can ciki ta hagu da ya gutsure tun ina saurayi, kullum yana yankar harshena. A hanyar komawa gida na kai harshe wurin, na ji shi sumul kamar dutsen rafi. Yau haƙorana duk sun zube, shi kaɗai ya rage, bai taɓa ko girgiza ba, kuma da sanyin safiya nakan ji shi ya fi sauran bakina sanyi.

Na bincika littattafan da hannuna ya kai gare su, na tambayi waɗanda suka fi ni, ban sami bayanin da ya kwantar mini da rai ba. Allah ne masani. Ni dai har yanzu in na ji ƙarar magagari daga nesa sai na sake hanya. Ku kuma in dabbarku mai haƙuri ta kafe ta ƙi wani wuri ko wani mutum, kada ku yi saurin ɗaga bulala. In kuma aka ce ku riƙe mata ragama a kan hayaƙi, ku riƙe in kuna sonta, amma ku runtse idonku tun kafin mai aikin ya fito.